Kafin ka saya wa majinyaci na'urar sauraro

Mai karatu, nakan ga masu jinya sun kawo wa majinyacinsu 'yar na'urar sauraro ƙirar China mai ɗaukar memori, irin wadda ake samu da araha a kasuwannin Ƙauran Namoda da Shinkafi. Ban ga laifinsu ba, domin karatun Alƙur'ani ko waƙa na ɗebe kewa ga wanda ya yi makonni a kwance. Amma kada ƙarfin sauti ya ruɗe ka wajen zaɓe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kunnen babba na jure sautin desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, desibel 90 kuwa sa'o'i 4 kacal. Ƙwayoyin jin da ke cikin kunne, in sun mutu, ba sa sake tsirowa.

Haɗarin ya ƙaru ga wanda ake yi wa allurar jentamisin ko yake shan kwinin, domin su kansu waɗannan magunguna kan taɓa ji.

Saboda haka ka zaɓi wadda ke nuna matakin sauti da lamba, kada ka wuce kashi 60 cikin 100. Ka gwada ta a gaban mai shago. Wadda batirinta ya kumbura ko take ɗaukar zafi, bar masa kayansa. Kada a yi mata caji a ƙarƙashin matashin kai.

In majinyacinka ya ce kunnensa na yi masa ƙara, ka sanar da likita nan take. Kada ka dakatar da magani da kanka. Allah Ya ba da lafiya.