Kafin ka sayi 'yan tsaki, ka fara raya bokiti goma



Tambayar da aka fi yi min ita ce: "Malam, na tara ɗan jari, kaji zan fara ko kifi?" Amsar da nake bayarwa kwanan nan takan ɓata wa wasu rai. Nakan ce ajiye kuɗinka tukuna, nemo tsofaffin bokitai goma ka shuka ganye a tsakar gida, ka kula da su wata biyu, sannan ka dawo mu yi maganar 'yan tsaki. Wani matashi ma cewa ya yi raina masa hankali nake yi, shi ya zo neman sana'a ni kuma ina tura shi wasan yara. Ban ji haushinsa ba, amma har yanzu ina kan bakana.

Abin da na lura ya fi karya sabon mai kiwo shi ne rashin sabo da duba abu mai rai kullum, safe da yamma, ko da biki ko da zazzaɓi. 'Yan tsakin burola a satinsu na farko suna bukatar ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35. Dare ɗaya na hunturu gawayi ya mutu kana barci, da safe sai ka kwashe gawa. Tarwada ma haka, ruwa ya ɓaci ba ka lura ba, sai ka tarar sun taso sama suna haki. To ta yaya mutum zai san ko yana da wannan halin na kula, tun kafin ya zuba kuɗin da ya yi shekara yana tarawa, ko ma na adashen matarsa? Bokitin na'a-na'a zai gaya maka gaskiya. Ka manta da shi kwana uku a watan Afrilu ka ga yadda zai koma. Bambancin kawai shi ne asarar bokiti ba ta hana kowa barci.

Dalili na biyu ya shafi waɗanda suka riga suka fara. Ina shiga gidaje in ga tankin kifi ana sauya masa ruwa duk bayan kwana biyu ko uku, ruwan yana bin kwata yana fita waje, maƙwabta na ƙorafin wari. A gefe ga kashin kaji an tara a buhu ana neman almajirin da zai kai bola. A gidan nan dai kuma, kullum sai an aiki yaro bakin titi sayen lawashi da alayyahu. Kai jama'a! Ruwan da kifi ya yi kashi a ciki ai taki ne narkakke, shi ganye yake nema. Abincin da ka saya da tsada ka zuba musu, wani kaso nasa ne yake fita a ruwan nan da kashin nan. Ka riga ka biya kuɗinsa.

Ga yadda nake yi, ba wani abu ne mai wuya ba.

Mazubi dai ba sai ka saya ba. Tsohon bokitin fenti da aka wanke sosai, jarkar man gyaɗa da aka yanke, bahon da ya fashe, ko buhun abincin kajin nan da ke jibge a lungu, duk suna yi. Buhu ka naɗe bakinsa ya koma kamar rabi, sai dai rana tana cinye shi, da wuya ya wuce shekara. Abin da ba na yarda da shi shi ne mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki. Kowane ne ka ɗauka, ka huda ƙasansa wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, su kuma su ɗauka ƙishi ne su ƙara masa ruwa.

Ƙasa kuwa, ni kashi biyu nake ɗiba na ƙasar gona mai kyau, kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Laka zalla a bokiti takan daskare kamar bulo.

A kan takin nan zan ɗan daɗe, don a nan na sha kashi. Lokacin da na fara, na share ɗakin kaji da safe, na ɗebi kashin da ɗuminsa na zuba wa bokitai takwas na doddoya da attaruhu, ina ganin gata na yi musu. Kwana uku bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, kafin sati ya zagayo babu ko ɗaya. Uwargida ta yi ta min dariya, wai likitan kaji ya kashe majinyata. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi ƙwarai, ya fi na shanu da na awaki, kuma warin nan mai hawa ido da kake ji a ɗakin kaji shi ne yake ƙona saiwa. Ban da ƙuna, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela masu sa gudawa da zazzaɓi, ga shi wasu ganyayen ɗanyu ake cin su. A Amurka, ƙa'idar noman da ba a sa takin zamani ta ce idan an zuba ɗanyen taki, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Mu ba mai bin mu da doka, amma cikin 'ya'yanmu ne.

Abin yi shi ne ka tara kashin tare da garin katakon shimfiɗarsu a gefe guda, ka haɗa da busasshen ganye, ka yayyafa ruwa ya yi danshi, ka rufe da buhu. Duk sati ko sati biyu ka juya da shebur. Za ka ji cikinsa ya ɗau zafi, to aiki yake yi. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya koma na ƙasar damina. Sai a lokacin ya zama taki.

Ruwan kifi shi bai da wannan dogon jiran, amma da sharaɗi. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, ruwan ranar kada ya je kan shuka. A gona ruwan sama yakan wanke gishiri ya yi ƙasa da shi, a bokiti kuwa taruwa yake yi. In ruwan ya yi kauri yana wari sosai, ka sirka da ruwa mai kyau. Kuma a gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba, musamman latas da na'a-na'a. In an tsinko a wanke da ruwa mai tsafta.

Me za ka shuka? Abin da tukunyar gidanku take ci. Kada ka ga hoton wani ganyen Turawa a intanet ka ce sai shi. Na'a-na'a ba ta bukatar iri, reshen da ka sayo na shayi ka tsoma a kofin ruwa, cikin sati ɗaya ko ɗan fiye zai fito da saiwa. Ka ba ta bokitinta ita kaɗai, don mamaya gare ta, duk wanda ka haɗa ta da shi sai ta danne shi. Doddoya ma da reshe take kamawa, kuma ka riƙa tsinke kanta da furenta, sai ta yi rassa ta cika. Albasar da ta fara tsiro a kicin ka binne ta, lawashi ne kyauta. Alayyahu sati uku zuwa huɗu ka fara yanka. Citta tana son buhu mai faɗi da inuwa-inuwa, amma sai ka yi haƙurin wata takwas ko fiye. Tumatir da attaruhu suna son bokiti mai lita 20, tushe ɗaya a kowane, sai dai ni ba na ba sabon shiga shawarar fara da tumatir, cutarsa ta yi yawa.

Yawancinsu suna son rana kamar awa shida. Amma a bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, ranar la'asar tana dafa saiwa a cikin baƙin bokiti, don haka ka ajiye su inda za su sha hantsi, inuwar katanga ta rufe su bayan azahar. Ban ruwa kuma ba da agogo ake yi ba. Tsoma yatsa, in gaɓa ɗaya ta shiga ka ji a bushe, ka ba su. Da zafi yakan kai sau biyu a rana, da damina wani lokaci ka yi kwanaki ba ka taɓa su ba. In ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganye, ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma, yana rage su.

Sai babban ɓarawo, wato kajinka da kanka. Kaza ɗaya ta gida ta isa ta tone bokiti biyar kafin ka dawo daga masallaci. Ka ɗora su a kan benci ko bulo, ka kewaye da tsohon gidan sauro ko ragowar wayar keji.

Na san abin da wasu za su ce: ina kuɗin yake? Gaskiya bokiti goma ba zai sa ka sayi babur ba, duk wanda ya ce maka haka yaudararka yake yi. Ba kuma zan ce ganye zai maye gurbin abincin kaji ba. Ina jefa wa kajina ragowar alayyahu da ɗan zogale, suna so, masu ƙwai ma gwaiduwarsu takan ƙara launi, amma burola da ganye ba ta yin nauyi. Abin da na gani a gidana shi ne kuɗin kayan ganye na cefane ya ragu sosai, kwatar ƙofar gida ta bushe, maganar wari da maƙwabcina ta mutu. Mai shayin unguwarmu ma yanzu yakan aiko a tsinko masa na'a-na'a, ba ni na nemi cinikin ba.

Shi wancan matashin bai sake nemana ba, ina fata dai ya dace. Amma wata baiwar Allah da na ba ta shawara iri ɗaya ta turo min hoto bayan sati bakwai: bokiti bakwai sun yi shar, uku sun mutu. Na tambaye ta me ya kashe ukun, ta ce biyu ta manta ba ta huda su ba, ɗaya kuma akuyar maƙwabta ce. Na ce Hajiya, tunda kin san abin da ya kashe su, je ki yi odar 'yan tsakinki, amma ki fara da 50.