A Riƙa Auna Lokacin Tafiya A Kan Hanyoyin Ƙasa

Sanin kowa ne cewa abu biyu ke damun masu bin hanyoyin mota a ƙasar nan, watau gudun ganganci a bayan gari da cunkoso a cikin birane. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, sha'anin hanya ya wuce a bar wa ido, sai an sa mudu, kuma mudunsa shi ne agogo.

Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, yawancin aikin kama masu gudu a wuri guda ake yinsa. Direba ya san inda ma'aikata ke tsayawa, sai ya rage gudu ya wuce su lami lafiya, yana shan kwana ya sake taka mota. Na'urar ƙayyade gudu da aka fara tilasta wa motocin haya a 2017 ta taimaka, amma ba ta shafi motocin gida ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi. A rubuta lambar mota da lokacin da ta wuce wuri na farko, a sake rubutawa a wuri na biyu, sa'an nan a raba nisan tafiyar da lokacin da ta ci. Abin da ya fito shi ne matsakaicin gudunta. Misali, daga Kaduna zuwa Zariya kimanin kilomita 80 ne. Ƙaramar mota da ta kiyaye dokar kilomita 100 a awa ba za ta isa a ƙasa da minti 48 ba. Idan ta isa cikin minti 40, to, ta yi gudun kilomita 120 a awa, ko da direbanta ya yi ladabi a gaban kowane ma'aikaci. Ƙasar Italiya ta fara aiki da wannan tsari a manyan hanyoyinta tun 2005, da na'urorin ɗaukar hoto masu karanta lambar mota.

A cikin gari kuwa, wannan awo shi zai nuna inda ciwo yake. Idan motar ma'aikaci ta ci rabin awa a tafiyar kilomita 6, matsakaicin gudunta kilomita 12 ke nan a awa, wanda mai keke ma zai iya. Idan aka yi awon safe da yamma, ranar aiki da ranar hutu, hukuma za ta gane ko mahaɗar hanya ce ta yi ƙunci, ko kasuwa ce ta ci titi, ko masu ɗaukar fasinja ne ke tsayawa inda suka ga dama. Kowanne da maganinsa, kuma ba duka ne ke bukatar gadar sama ta miliyoyin naira ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun ayyuka da sufuri na jihohi su mai da wannan awo aikin kowace shekara. Ɗaliban injiniya na jami'o'i da kwalejojin fasaha suna iya yinsa da agogo da takarda. A auna kafin a ba da kwangila, a sake aunawa bayan an gama aiki, a buga sakamakon kowa ya gani. Ta haka talakan da aka kashe kuɗinsa zai san ko minti nawa aikin ya rage masa.