Daft Punk: an bar jaki ana dukan taiki

Akwai wani hukunci da aka daɗe ana yanke wa Daft Punk, makaɗan nan biyu na ƙasar Faransa, wato Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo. Masu hukuncin cewa suke yi waɗannan ba makaɗa ba ne, na'ura ce ke yi musu kiɗa, su nasu danna maɓalli da karɓar kuɗi. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, don da ita ce wasu malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu ke sallamar duk yaron da ya zo da fiyano ko kwamfuta. Ni a ganina hukuncin nan na ragwanci ne, kuma ya rufe mana ido ga tuhumar da ta fi shi nauyi.

Bari mu fara da asalinsu. Samarin biyu sun haɗu a 1987 a makarantar Lycée Carnot ta birnin Paris, kuma da gita suka soma, cikin wata ƴar ƙungiya mai suna Darlin'. Wata mujallar Ingila, Melody Maker, ta kushe kiɗansu da kalaman raini, su kuwa suka ɗauki kalaman suka mai da su suna a 1993. Ke nan sun san kayan kiɗan hannu kafin su koma ga na'ura. Faifansu na farko, Homework, ya fito a 1997, kuma a ɗakin kwanan Bangalter aka haɗa shi. A zagayen wasan da suka yi a wannan shekara babu hular kwano, babu kayan mutum-mutumi: teburi ne cike da na'urori da wayoyi, suna ƙara wannan sauti, suna rage wancan a gaban jama'a. Wanda ke shakka ya saurari Alive 1997, minti 45 da aka ɗauka a Birmingham ranar 8 ga Nuwamba 1997.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta dala. A 2005 sun fitar da Human After All, faifan da suka haɗa cikin mako shida, masu sharhi da dama suka ce ya bushe, maimaici ya yi masa yawa. A watan Afrilu 2006, a bikin Coachella na Kalifoniya, sai ga su a cikin wata dala mai fitilu, sanye da hulunan mutum-mutumi. Abin da suka yi shi ne, sun warware waƙoƙin faifansu uku, suka saƙa su sabuwar saƙa: muryar wannan bisa gangar waccan, amshin 2001 cikin kiɗan 1997. Waƙoƙin da aka raina a bara su ne suka tayar da jama'a tsaye. Da na'ura suka haɗa faifan da aka kushe, da na'ura kuma suka yi wasan da aka yaba. In da na'ura ce mai kiɗan, me ya sa sakamakon ya bambanta? Abin da ya sauya shi ne tunani, da kunne, da sanin inda za a tsaya da inda za a saki. Wasan da suka yi a Bercy ranar 14 ga Yuni 2007 shi ya zama faifan Alive 2007, wanda ya ci kyautar Grammy a 2009.

Mai suka zai ce ai yawancin abin an shirya shi tun daga gida. Gaskiya ne. Tsarin wasan yana cikin kwamfuta, fitilun suna tafiya da shi, kuma ƴancin da suke da shi a cikin dalar na lanƙwasa sauti ne da juya gaɓoɓi, ba na rushe ginin duka ba. To amma wane makaɗi ne ke zuwa fili bai shirya ba? Mawaƙin fada yana kwana da ƴan amshinsa suna bita kafin ranar salla, ba a taɓa ce masa maƙaryaci ba. Shiri alama ce ta girmama masu sauraro. A cikin shekara 28, zagaye biyu kacal Daft Punk suka yi, na 1997 da na 2006 zuwa 2007. Mai neman kuɗin banza da danna maɓalli ai ba ya barin kasuwa tana ci ya koma gida.

Sun kuma nuna cewa na'ura zaɓi ce a gare su. A 2010 sun yi kiɗan fim ɗin Tron: Legacy tare da babbar ƙungiyar makaɗan goge da ƙaho. A 2013, cikin Random Access Memories, sun kira masu gita da ganga na jini da tsoka, irin su Nile Rodgers, faifan ya ci kyautar faifan shekara a Grammy ta 2014. Bayan rabuwarsu ranar 22 ga Fabrairu 2021, Bangalter ya rubuta kiɗan Mythologies don wasan rawa na Angelin Preljocaj, wanda aka fara nunawa a Bordeaux a 2022, kuma makaɗan hannu ne suka kaɗa shi.

To ina jakin da aka bari? Yana nan ga batun bashi. Kiɗan da duniya ta laƙaba wa sunan Faransa, tushensa yana unguwannin baƙar fata na Shikago da Detroit a shekarun 1980. Yabon gwani ya zama dole: su kansu ba su ɓoye ba, don a cikin Homework akwai waƙa mai suna Teachers, wato malamai, wadda jerin sunayen waɗanda suka koya daga gare su ce. Amma ambaton suna ba ya cika tukunya. Babbar sana'arsu ita ce yanko gutsure daga tsohon faifai a gina sabuwar waƙa a kansa. Harder, Better, Faster, Stronger tana zaune bisa kiɗan Edwin Birdsong, Digital Love kuma bisa na George Duke, an kuwa rubuta sunayensu. One More Time, wadda ta zagaye duniya tun 2000, an yanko ƙahonninta daga More Spell on You ta 1979, waƙar Eddie Johns, haifaffen Laberiya. A 2021 jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin cewa mutumin ya yi shekaru ba shi da matsuguni, kuma ko sisi bai taɓa shiga hannunsa ba. Wakilan Daft Punk sun ce suna biyan kuɗin ga kamfanin da ke riƙe da haƙƙin faifan. Ta fuskar doka wataƙila sun fita. Ta fuskar adalci, shekara 20 ana rawa da ƙahon mutum ko sisi bai samu ba, wannan abin kunya ne ga sana'ar baki ɗaya. Ranar 14 ga Yuli 2017 sojojin Faransa sun kaɗa waƙoƙin Daft Punk a gaban Macron da Trump, a matsayin abin alfaharin ƙasa. Ƙasar da ta karɓi yabon, ya kamata ta tuna da waɗanda aka tsaya a kan kafaɗarsu.

Mu ma raina na'ura ya taɓa ci mana riba. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan mai lantarki a Yamai tun 1978, gidan rediyo da talbijin na ƙasa suka yi shekaru suna cike giɓin shirye-shirye da shi, amma sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 sannan duniya ta san sunansa. Abin namu ne, wasu suka riga mu sanin darajarsa.

Saboda haka, ya ku malamai da masu riƙe da ƙungiyoyin al'adu, in ɗalibi ya zo muku da kiɗan da ya haɗa a kwamfuta, kada ku kore shi da cewa inji ne ya yi. Ku saurara, ku tambaye shi me ya ƙara na kansa. Sannan ku tambaye shi amon kalangun nan da muryar tsohuwar nan daga ina ya yanko su, ko ya rubuta sunan masu su, ko ya san gidan magadansu. In ya kasa amsa ta farko, yana da sauran koyo. In ya kasa ta biyu, ya ci haƙƙin wani, ko da kuwa da gurmi ya kaɗa.