WANDON HAWAN BABUR ZUWA GONA: A SAKE SHI BISA TAKALMI, AMMA A KAME BAKINSA

Damina ta kankama, hanyoyin gona sun lalace, ciyawa ta rufe turba. Yanzu babur ne ya karɓi aikin da jaki da keke su ke yi da: shi ke kai manomi fadama, shi ke ɗauko taki, shi ne kuma ke kai malamin gona ƙauyen da mota ba ta shiga. Manomi ya kan yi kwana da kwanaki yana shawara kafin ya sayi babur, ya tambayi makaniki, ya gwada birki, ya ƙwanƙwasa taya. Amma wandon da zai hau da shi, ko tunaninsa ba ya yi. Abin da ya kwana da shi da shi zai hau, silifas a ƙafa, bakin wando yana kaɗawa dab da sarƙa. Wannan sakaci ne, kuma irin sakacin da kan ci wa mutum damina guda. Wanda salansa ta ƙone wa ƙwauri ran da za a fara noman firi, sau da yawa gyambon ba ya barinsa ya duƙa sai an kai maimai.

Turawa sun daɗe da mai da hawan babur cikin daji wasa. A Ingila aka fara irin wannan tsere a 1924, a wani wuri da a ke kira Camberley. Mutanen Agadas da na Yamai kuwa sun gani da idonsu, don tseren nan na Paris zuwa Dakar da aka fara ran 26 ga Disamba 1978 ta ƙasarsu ya ratsa, wani Bafaranshe Cyril Neveu ya ci bisa babur Yamaha XT500. Daga baya aka ɗauke tseren daga Afirka, aka kai shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020. To, cikin wannan wasa nasu ne masu ɗinka kayan hawa suka fid da wando iri biyu. Ɗaya tsukakke ne daga gwiwa zuwa ƙasa, mara nauyi, mara aljihu, ana cusa shi cikin dogon takalmi. Na 'yan tseren fili ne, waɗanda ke zagaye na ɗan lokaci su sauka, ba su son kome ya sarƙe su. Ɗayan kuwa yana da faɗi daga gwiwa, yadinsa mai kauri, da aljihuna, ana sake shi ya rufe wuyan takalmi. Shi ne masu wuni cikin daji su kan zaɓa.

Manomi ba ɗan tsere ba ne. Mai wuni cikin daji ne, saboda haka na biyun ne nasa.

Dalili na farko ruwa. Duk ruwan da ya sauka a cinyar mahayi ƙasa ya ke gangarowa. In an cusa wando, bakin takalmi ya zama mazurari, kafin a kai gona ƙafa tana iyo. Ba ma sai an yi ruwan sama ba, raɓar safiya da ke bisa doguwar ciyawa ta isa. Mutum ya wuni da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin roba, tafin ya yi fari, ruwa ya ci tsakanin yatsu. In kuwa wandon ya rufe takalmin, sai ruwan ya bi bayansa ya zube ƙasa, kamar yadda indararo ke fid da ruwa daga soro. Haka nan yashi da tsakuwa da ƙarangiya, duk ba su samun ƙofa.

Amma babban dalili, wanda 'yan wasan Turai ba su da shi, shi ne feshi. Manomi ya kan ɗaura injin feshi na goyo bayan babur, ya isa gona, ya sauka, ya haɗa magani, ya shiga aiki da kayan da ya hau da su. Ƙa'idar da malaman gona ke koyarwa ita ce, mai feshi ya saki wandonsa bisa takalmi, kada ya cusa. Injin goyo ba ya rasa ɗiga, ciyawar da aka fesa kuma tana shafar ƙafa. In wando yana cikin takalmi, duk abin da ya ɗiga can zai taru, ƙafa ta jiƙu cikin guba sa'a uku ko huɗu. Fatar mutum tana shan magani, balle in ta yi gumi ko tana da rauni. Mutane da yawa sun ɗauka sai an sha maganin ƙwari ya ke illa, ba su san ta fata ya fi shiga jikin mai feshi ba. Wandon da aka yi feshi da shi kuwa a wanke shi ran nan, shi kaɗai, kada a haɗa da kayan yara.

Sai maciji. Ba bisa babur a ke saran mutum ba, sai sa'ad da ya sauka yana tura shi cikin ciyawa, ko yana neman inda zai jingine shi gindin itace. Kububuwa ƙarama ce, ƙasa-ƙasa ta ke sara, yawanci a ƙafa. Asibitin Kaltungo a Jihar Gombe ya yi suna kan jinyar waɗanda ta sara, manoma da makiyaya su ne suka fi yawa, kuma lokacin shuka da lokacin girbi a ke cika shi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Kada wani ya ce wando ya hana sara, ba ya hanawa. Amma yadi mai kauri da ke sake bisa takalmi wani shamaki ne, haƙori ya kan tsaya a cikinsa bai kai nama ba.

Masu cusawa suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Su kan ce tururuwa da kaska suna hawa ta ƙarƙashin sakakken wando, kuma a fadamar shinkafa bakinsa ya kan kwashi laka ya yi nauyi. Gaskiya ne. Wanda zai shiga laka har gwiwa ya naɗe ko ya cusa, ba mai hana shi, amma wannan zancen aiki ne bayan an sauka. In kuma rafi ya fi takalmi zurfi, ba wandon da zai hana ruwa shiga. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce ta sarƙewa, kuma nan ne ya kamata a tsaya.

Sakakken wando wanda ba a kame bakinsa ba ya fi kowane iri haɗari. A baburan da aka saba hawa a karkara, irin su Bajaj Boxer, sarƙa da giya suna hagu, birkin baya da sandar tayar da inji da salansa suna dama. Kowane ɓangare akwai abin da ke jiran bakin wando. Ga shi kuma an saba, in makaniki ya cire murfin sarƙa don ya ɗaure ta, sai a ce a bar shi, yana ƙara, ba a sake mayarwa. To, mutum ya ɗauko buhu biyu na taki, kilo 100 ke nan, ya iso wurin santsi, ya so ya sa ƙafa ƙasa, sai bakin wando ya maƙale a matakin ƙafa. Ƙafar ba ta kai ƙasa ba, babur ya kwanta da shi, salansa bisa sharaɓarsa, kaya sun danne. Mahaya dawaki na da sun san wannan. Wandonsu buje yana da yalwa a sama don a ji daɗin zama bisa sirdi, amma bakinsa kamun ƙafa ne, tsukakke, don kada ya kama likkafa. Saboda haka abin da za a fara dubawa ga wando shi ne bakinsa. Lalle ya zama yana da maɗauri, ko maɓalli biyu uku a jere, yadda in an sa takalmi za a ja shi ya kwanta, ya zama yatsa biyu kaɗai ke shiga. Wandon da ba shi da wannan, kome kyaunsa a bar shi, ko a kai wa tela ya sa masa.

Game da yadi, na ƙasashen waje yawanci nailan ne, kuma a kan rubuta lamba da harafin D a jikinsa, 500D ko 600D ko 1000D. Lambar kaurin zare ta ke nufi, watau nauyin zaren da tsawonsa ya kai mita 9,000 in an auna da giram. Mai babbar lamba ya fi jure ƙaya, amma ya fi nauyi da zafi. Sai dai nailan yana da mugun hali guda: ba ya cin wuta kamar auduga, narkewa ya ke yi wajen digiri 250, bututun hayaƙi kuwa kusa da inji ya kan wuce haka. In ya narke sai ya manne da fata, ƙunar ta fi ta auduga muni. Don haka ne masu ɗinka na kirki su ke sa fata ko wani yadi mai jure zafi ta cikin gwiwa. Wanda ba shi da wannan faci, wandon ado ne. Wani kuma za a ga an rubuta masa A ko AA ko AAA, wannan awon Turai ne na 2020 da ke nuna yadda yadin ke jure gurzar ƙasa in an faɗi, mai harafi uku ya fi. An yi awon ne domin masu gudu bisa kwalta. Mai bin turbar gona a hankali ba ya bukatar mai harafi uku, zafi kawai zai sha.

Sabon wando irin wannan daga waje tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin manoma, kuma ba dole ba ne. A kan dace da shi jifa-jifa cikin gwanjo, a Ƙofar Wambai ta Kano ko wata kasuwa irinta, amma a duba ɗinkin tsakiya da na gwiwa da kyau, don nan ya ke fara sakewa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a yanki kaki mai kauri a Kantin Kwari, ko a kasuwar garinsu, a kai wa tela, a tafi da takalmin da za a riƙa sawa don ya auna faɗin ƙafa a kansa. A ce ya ninka yadin a gwiwa da mazaunai, ya yi ɗinki biyu. Sa'an nan a kai wa baduku ya ɗinka fata mai taushi ta cikin ƙafar dama, daga gwiwa zuwa kusa da baki, faɗin tafin hannu. Ƙasar da ke da majema da dukawa tun kaka da kakanni ba ta da dalilin jiran Turai ta aiko mata facin fata. Kaki yana shan ruwa, wannan aibinsa ne, amma yana shan iska, ba ya kuwa narkewa. Wandon roba da ruwa ba ya ratsawa yana da daɗi a Agusta, amma a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi, wanda ya sa shi zai dahu a ciki, ya tuɓe ya koma wa na kwana.

Zif ba abokin ƙura ba ne, ya kan cije cikin rani ɗaya. Maɗaurin nan mai mannewa da a ke kira Velcro ya fi shi sauƙi, amma shi ma yana da magabci. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙago shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa ke maƙale wa gashin karensa. Ashe ɗan'uwan ƙarangiya ne, shi ya sa in sun haɗu ba su rabuwa, sai ya cika da ita ya daina kamawa. Maɓallin ƙarfe ko igiya mai zarge sun fi dacewa da gona, in dai an tura bakin igiyar ciki, kada ta yi reto gefen sarƙa.

Kada a gwada wando a tsaye. A sa takalmi, a hau babur, a ɗora ƙafa bisa mataki. Gwiwa in ta lanƙwashe ta kan ja wando sama, wanda ya yi daidai a tsaye sai a ga ya bar wuyan takalmi buɗe. Ya kamata a zaune ya rufe takalmin da taƙi guda, a tsaye kuma kada ya kai ƙarƙashin diddige. A taka birki, a canja giya, a miƙe tsaye bisa mataki kamar za a haye rami, a ji ko yana ja a wani wuri. Aljihu yana da amfani, amma wuƙa da mabuɗi da lauje ba wurinsu ba ne, don in an faɗi cinya su ke shiga.

Shi kansa takalmin, na roba da a ke sa wa aikin ruwa ba na hawa ba ne, ba ya riƙe idon sawu, kuma yana santsi bisa ƙarfe in ya jiƙe. Ya dai fi silifas nesa. Wanda ya sami hali ya nemi na fata mai wuya, mai ɗan diddige da zai kama mataki, ya tura igiyoyinsa ciki. Babbar riga kuwa a tuɓe ta, a ninke, a ɗaure bayan sirdi sai an isa. In za a goya uwargida zuwa gona, a tsaya ta tattara zanenta da mayafinta ta danne, kuma kafin ran nan a koma wurin makaniki a karɓo murfin sarƙar nan a mayar.