Bashin Riba Ba Tallafi Ba Ne

A shekarar 1992 gwamnatin Babangida ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ta wajabta yanke kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci. Idan ya nemi gida, sai a ranta masa daga asusun da guminsa ya tara, a ɗora masa ruwa kashi 6. Wai wannan ne tallafi! Shin dokar soja ta shafe haramcin riba da ke Suratul Baƙara ne? Manomin Gwiwa ko Roni da damina ta rushe wa ɗaki kuwa, ba shi da albashi, balle a tuna da shi. A gina gidajen a Kazaure da Babura, a yanke farashi, a sayar mana, mu biya kaɗan-kaɗan ba tare da ƙari ba.