Kakar 2021/2022: Yadda Sai Masu Gida Suka Rasa Gida

Gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NPFL, takan haɗa ƙungiyoyi 20, kowace ta buga wasa 38, rabi a filinta rabi a filin abokan karawa, ana ba wadda ta yi nasara maki uku, waɗanda suka tashi canjaras kuma maki ɗaya-ɗaya. A kakar 2021/2022 ƙungiyar Rivers United ta Fatakwal ce ta ɗauki kofin a karon farko a tarihinta, ƙarƙashin mai horarwa Stanley Eguma, Plateau United ta Jos ta zo ta biyu. Sai dai a majalisun Zaitawa da sauran unguwannin cikin ganuwar Kano ba wannan nasara ake tunawa da kakar ba, domin a cikinta ne Kano Pillars ta faɗi daga gasar, wato ta kasance cikin ƙungiyoyi huɗu na ƙasan teburi waɗanda doka ta ce a mayar da su gasa mai daraja ta biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Nauyin wannan faɗuwa ba zai bayyana ba sai an tuna cewa ƙungiyar, wadda aka kafa a 1990, ta ci kofin a 2008, sannan ta jera shi sau uku daga 2012 zuwa 2014, kuma ta shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gasar a Kano ba, har sai da Nasarawa United ta yi hakan a 2015. A gasar da cin wasa a waje yake da matuƙar wuya, filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ne jarin ƙungiyar, daga nan ma kirarinta na Sai Masu Gida ya samu gindin zama.

Wannan jari ne ya salwanta. Ƙungiyar ta fara kakar tana karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna, kuma da aka ba ta damar komawa Kano a watan Afrilun 2022, sai wasanta da Katsina United ya rikiɗe zuwa tarzoma, wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar shirya gasar ta wancan lokaci, LMC, ta zare mata maki uku, ta ci ta tarar kuɗi, ta kuma umarce ta da komawa Abuja da wasanninta na gida. Ko shakka babu ƙarancin zura ƙwallo da rashin daidaiton shugabanci sun taka rawa, amma hukuncin da hannun magoya baya ya jawo ya fi ciwo, tunda ya zo a lokacin da kowane maki yake da tsada.

Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, tare da Katsina United ɗin da aka yi rikicin da ita. Ya rage ga ƙungiyar magoya baya da masu unguwanni da iyaye su ja kunnen matasan da ke cika filin Ƙofar Mata, su kuma hukumomin ƙungiyar su tanadi isassun jami'an tsaro da za su kare alƙalan wasa da baƙi a kowace ranar wasa.