Mikel Obi: Shin da gaske Chelsea ce ta hana Najeriya samun magajin Okocha?

Tun daren da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Super Eagles a bugun fenareti a birnin Rabat, cikin watan Nuwamban 2025, aka koma kan tsohuwar muhawara a gidajen kallo da majalisun 'yan ƙwallo. Karo na biyu ke nan a jere da Najeriya ta rasa gurbi a gasar cin Kofin Duniya, alhali tana da Victor Osimhen da Ademola Lookman, waɗanda suka karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023 da 2024. Masu cin ƙwallo akwai su. Abin da ake ta ƙorafi a kai shi ne mai raba musu ƙwallon daga tsakiya.

Duk inda aka tayar da wannan magana, ba a daɗewa sai wani ya ambaci John Mikel Obi. Hukuncin da aka saba yankewa gajere ne: Najeriya ta samu magajin Jay-Jay Okocha, Jose Mourinho ya karɓe shi ya mayar da shi mai tare ƙwallo. Akwai gaskiya a ciki, amma idan aka bi ƙungiyoyin da ya taka wa leda ɗaya bayan ɗaya, za a ga labarin ya fi haka faɗi.

Daga Jos zuwa Oslo

An haifi Mikel a Jos ranar 22 ga Afrilun 1987, ya kuma fara fitowa ne a Plateau United. Sunan da duniya ta san shi da shi ma kuskuren rubutu ne: Michael aka so rubutawa lokacin gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2003 a Finland, aka rubuta Mikel, shi kuma ya ce a bar shi haka.

Daga nan ya tafi Lyn, wata ƙungiya a Oslo babban birnin Norway. A gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holan a 2005, shi ne ke juya wasan Najeriya a ƙarƙashin Samson Siasia har zuwa wasan ƙarshe. Ajantina ta ci 2-1, Lionel Messi ne ya zura duka biyun a bugun fenareti. Messi ya karɓi kyautar gwarzon gasar, Mikel ya zo na biyu. Wannan jerin sunayen shi ne tushen duk takaicin da ake yi har yau.

Sai dai tun kafin a fara gasar, rigima ta riga ta rufe shi. A ƙarshen Afrilun 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18, Manchester United ta sanar cewa ta saye shi, har aka ɗauke shi hoto sanye da jar riga mai lamba 21. Lokacin ba haɗari ba ne: dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18, shi ya sa ake rige-rige da zarar yaro ya kai. Chelsea ta ce ita ke da yarjejeniya da wakilansa tun farko. Bayan 'yan makonni Mikel ya ɓace daga Norway, ya ɓulla a Landan yana cewa matsa masa aka yi ya sa wa United hannu, Chelsea yake so.

An ɗauki fiye da shekara ana ja-in-ja. A watan Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Wato United ta ci fam miliyan 12 a kan ɗan wasan da bai taɓa buga mata ko minti ɗaya ba. Daga baya wata kotu a Norway ta samu Morgan Andersen, tsohon daraktan Lyn, da laifin zamba a kan takardun yarjejeniyar Mikel.

Abin da aka fi mantawa shi ne asarar da yaron ya yi. Tsakanin shekara 18 da 19 ne ɗan wasan tsakiya ke goge ƙafarsa, yana bugawa duk mako, yana kuskure ana gyara masa. Messi ya yi wannan shekarar yana wasa kusa da Ronaldinho a Barcelona. Mikel ya yi tata tsakanin lauyoyi da wakilai, wasannin da ya buga wa Lyn ba su taka kara sun karya ba.

Gidan da babu wurin lamba goma

Ya isa Stamford Bridge ya tarar da Frank Lampard da Michael Essien da Claude Makelele, ga Michael Ballack da ya zo daga Bayern Munich a bazarar. Lampard shi ke da izinin kutsawa gaba ya ci ƙwallo, kuma babu kocin da zai zaunar da shi saboda yaro ɗan shekara 19. Gurbin da ake hango zai buɗe ɗaya ne tak, na Makelele, wanda shekarunsa suka ja. Nan Mourinho ya ajiye Mikel: lamba huɗu, gaban masu tsaron baya, ya ƙwace ƙwallo ya miƙa wa na kusa.

Farkon bai yi daɗi ba. An ba shi jan kati a wasan Reading a Oktoban 2006, an sake ba shi wani a wasan ƙarshe na League Cup da Arsenal a 2007, an kuma ci tararsa kan zuwa atisaye a makare. Da Makelele ya koma Paris Saint-Germain a 2008, wurin ya zama nasa.

A nan ne hujjar ɗora wa Mourinho laifi ke yin rauni. Mourinho ya bar Chelsea a Satumban 2007, Mikel bai wuce shekara 20 ba. Bayansa an yi Avram Grant, Luiz Felipe Scolari, Guus Hiddink, Carlo Ancelotti, Andre Villas-Boas, Roberto Di Matteo da Rafael Benitez. Kowannensu da salonsa, wasu ma ba sa ga maciji da tsarin Mourinho, amma babu wanda ya matsar da shi gaba. Ko dai sun ga ya fi amfani a bayan, ko kuma saurin da lamba goma ke buƙata a gasar Firimiya ba ya cikin baiwarsa. Mikel na da ƙarfin kare ƙwallo da jiki, da natsuwa, da wuya a ƙwace a ƙafarsa. Gudu da yanke mutum uku a taku biyar irin na Okocha kuwa, ko a Holan ba shi ne abin da ya fi burge mutane da shi ba.

Kuma aikin da aka ba shi ya iya shi. Wanda ke shakka ya sake kallon wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2012 a Munich. Chelsea ta shiga babu John Terry, babu Ivanovic, babu Ramires da Meireles, duk an dakatar da su, ga Bayern a gidanta tana ta luguden hari. Mikel ya buga minti 120 yana toshe ƙofa. Sunan Didier Drogba aka rubuta a tarihi, amma da tsakiyar ta ɓalle da ba a kai ga kansa ba.

Ya bar Chelsea da kofin Firimiya biyu, na 2010 da 2015, da Kofin Zakarun Turai, da Europa League na 2013, da kofunan FA. Wasa 372, ƙwallo 6. Ƙwallonsa ta farko a Firimiya sai a Satumban 2013 ya ci ta, a ragar Fulham, shekara bakwai bayan zuwansa. A Najeriya ma ƙwallo 6 ya ci, amma a wasa 91.

Mutum ɗaya, aiki biyu

A Super Eagles an riƙa neman wani Mikel dabam, mai riga lamba 10. Duk mako yana tare ƙwallo a Landan, sai ya sauka gida a ce ya zama mai ƙirƙira. Da hakan ya yi aiki, ya yi sosai: yana cikin ginshiƙan tawagar Stephen Keshi da ta ɗauki Kofin Afirka a 2013, kuma a wasannin neman gurbin 2018 Gernot Rohr ya sa shi bayan ɗan wasan gaba, ya ci Aljeriya, ya ci Kamaru a wasan 4-0 na Uyo.

Amma a Rasha an ga iyakar abin. Ya buga lamba goma a karawa da Kuroshiya, Luka Modric da Ivan Rakitic suka mamaye tsakiya, aka ci Najeriya 2-0. A wasan Iceland Rohr ya dawo da shi baya kusa da Wilfred Ndidi, tawagar ta daidaita, Ahmed Musa ya ci biyu. Wurin da ake cewa an tilasta masa, nan ne ya fi taimakon ƙasarsa a ranar da ake tsananin buƙata.

Wasa na uku da Ajantina shi ne wanda ba a mantawa. Sa'o'i kaɗan kafin a take, aka kira shi aka ce an yi garkuwa da mahaifinsa a hanyar Enugu, aka kuma gargaɗe shi kada ya faɗa wa kowa. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa abokan wasa ba, ya ɗaura kambun kyaftin ya buga minti 90. Karo na biyu ke nan: a Agustan 2011 an sace mahaifin a Jos, Mikel ya buga wa Chelsea wasa da Stoke ana cikin nemansa, daga baya 'yan sanda suka gano shi a Kano.

Lokacin da ya fara zaɓa da kansa

Zamansa a Chelsea ya ƙare ne ta dalilin Najeriya. A 2016 ya zaɓi zuwa gasar Olympics ta Rio a daidai lokacin da sabon koci Antonio Conte ke haɗa tawagarsa. Tawagar Siasia ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ta isa Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta da Japan, ta kuma ci 5-4. Ta ƙare da tagulla bayan doke Honduras 3-2, inda Umar Sadiq ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya. Ita ce lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samu a Rio baki ɗaya. Mikel ya koma Landan, Conte bai sa shi ko a wasa ɗaya ba.

A Janairun 2017 ya tafi Tianjin TEDA ta China, lokacin da ƙungiyoyin ƙasar ke zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Yana da shekara 29, sai dai gasa ce da kusan babu mai kallonta a Najeriya. Sauran tafiyar gajeru ce: rabin kaka a Middlesbrough a 2019, sannan Trabzonspor ta Turkiyya. A Maris ɗin 2020, da cutar korona ta ɓarke amma hukumomin Turkiyya suka ci gaba da gasa, ya fito fili ya ce bai yarda a ci gaba da wasa ba. Cikin 'yan kwanaki aka raba gari, duk da cewa ƙungiyar na kan gaba a teburi a lokacin. Yaron da aka yi ta jan sa tsakanin Manchester da Landan yana ɗan 18, shi ne ya ajiye kwantiragi da kansa yana ɗan 32.

Ya yi kaka ɗaya a Stoke City, ya yi 'yan watanni a Kuwait, ya sanar da rataye takalmansa a Satumban 2022. Yanzu yana gabatar da shirin tattaunawa na Obi One Podcast a intanet.

Tsarin da ya haifar da labarinsa kuwa yana nan. Ƙungiyoyin Turai na zuwa Afirka ta Yamma neman 'yan wasan tsakiya masu ƙarfi da juriya, lamba goma kuma sun fi nemansa a makarantunsu ko a Kudancin Amurka. Ndidi ya bar Legas a matsayin mai tsaron baya, Genk ta mayar da shi tsakiya, Leicester ta saye shi a 2017 don cike gurbin N'Golo Kante. Frank Onyeka, wanda ya ci ƙwallon Najeriya ɗaya tilo a daren Rabat, irin wannan aikin aka horar da shi a kai a Midtjylland ta Denmark. Alex Iwobi, wanda aka fi dogara da shi wajen raba ƙwallo a tawagar, a makarantar Arsenal ya tashi tun yana ƙaramin yaro.